Amsa kan gauraya tawadar alƙalami da adana ta a zafin Yamai

Malam, ka tambaya ko za ka iya haɗa shuɗiyar tawada da baƙa, irin ta alƙalamin zamani da ake ɗura wa tawada (fountain pen), a kwalba ɗaya, da kuma yadda za ka kare ta daga lalacewa. Ana iya haɗawa, amma kada ka fara da kwalbar gaba ɗaya. Ka ɗiga kaɗan daga kowace a ƙaramar kwalba mai tsabta, ka rufe ta awa 48. Idan ka ga gudaji ko wani abu ya kwanta a ƙasa, ka zubar, domin zai toshe maka alƙalami.

Dalili shi ne wasu tawadoji, kamar Salix ta kamfanin Rohrer & Klingner, suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da tsami, kuma sukan dunƙule idan suka gamu da waɗanda ba su da tsami. Tawadar Baystate Blue ta kamfanin Noodler's kuwa, kada ka haɗa ta da kowace iri. A ganina, haɗa tawadojin kamfani ɗaya ya fi aminci. Tawadarmu ta allo, wadda ake yi da ƙaro, ta alƙalamin kara ce kawai.

Batun ajiya, zafin Afrilu a Yamai yakan wuce digiri 40, saboda haka ka sa kwalbar cikin kwalinta a inuwa, ka ɗaure murfi sosai don ƙurar hunturu. Idan tawadar ta yi kauri, ka ƙara ɗigon tataccen ruwa irin na kantin magani, ba na famfo ba. Wadda ta yi funfuna ko wari, ka zubar da ita, ka wanke alƙalamin.