Tambaya da Amsa: Jarin Ƙanena Mai Lalurar Ƙafa

Tambaya: Malam, ƙanena shan inna ya taɓa masa ƙafafu, yana ɗinki a wani ƙauye kusa da Ejura da keken ɗinki na aro. Ina zai samu tallafi? Daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, akwai kason masu buƙata ta musamman a kuɗin da gwamnati ke raba wa gundumomi, wato Common Fund. A ofishin Soshal Welfiya, wato ofishin jin daɗin jama'a, na gundumarsa zai nema. Kada ki kai takardar Kumasi don kina nan, za a mayar da ke.

Ya rubuta wasiƙa gajera, ya haɗa da kwafin Ghana Card (katin shaidar ɗan ƙasa), hoton da ya nuna shi gaba ɗaya, lambar waya mai aiki, da takardar farashin keken daga shago. Kwamiti ne ke tantancewa, kuma sau da yawa kaya suke saya su bayar maimakon kuɗi a hannu.

Wurin zaɓen kayan ne mutane ke yin kuskure. Keken ƙafa ba zai yi masa ba, na lantarki kuwa in wuta ta ɗauke ranar kasuwa sai zaman jira. Ya rubuta ƙarara cewa na hannu yake so, da teburi daidai tsayin kujerarsa. Ya sa zare, almakashi da dutsen guga na gawayi a lissafin, don keke kaɗai ba ya buɗe shago.

Kuɗin kan yi jinkiri, don haka ya shiga ƙungiyar nakasassu ta gundumar, su ne ke fara jin ranar zaman kwamiti.