Amsar Tambayarka Game da Regiletar Nutso

Ɗana, jiya muna tattara kayan aiki ka jefo mini tambayoyi biyu a lokaci guda: wace regileta, wato na'urar da mai nutso yake shaƙar iska da ita a ƙarƙashin ruwa, za mu ba sabon mai nutso shawarar ya saya, kuma me ya sa wadda aka kawo mana makon jiya, da ko shekara ba ta cika ba, take tsiyayar da iska ta bakin shaƙa, alhali tawa da ta haura shekara goma tana nan garau. Na ce ka bari in rubuta maka, domin maganar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa.

Iskar da ke cikin tukunyar da mai nutso yake goyawa tana da matsi na bar 200, wani lokaci har 300 (bar ɗaya kusan matsin iskar sarari ne), kuma babu huhun da zai iya karɓar wannan. Regileta tana da matakai biyu. Mataki na farko, wanda ake ɗaurawa a bawul ɗin tukunya, shi yake sauke matsin zuwa kimanin bar 9 ko 10 sama da na ruwan da ke kewaye, shi ne muke kira matsin tsakiya. Mataki na biyu, wanda mai nutso yake riƙewa da haƙora, yana ƙarasa saukewar daidai da zurfin da mutum yake, kuma ba ya buɗewa sai an ja numfashi. Wannan dabarar ce Emile Gagnan da Jacques Cousteau suka haɗa a Faransa a 1943, har yau kuma a kanta muke cin abinci. Ka tuna cewa kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara bar ɗaya, saboda haka a mita 30 iskar da za ta ratsa na'urar ta ninka ta sarari kauri sau huɗu, kuma regiletar da take da daɗin shaƙa a kan teburinmu tana iya zama kamar tsotson kunu ta kara a can ƙasa.

Shi ya sa idan mai saye ya zo, kada ka fara da nuna masa wadda ta fi ƙyalli. Ka tambaye shi irin ruwan da zai shiga. Idan sanyin ruwan zai yi ƙasa da digiri 10 na Salshiyos, dole ya ɗauki wadda aka toshe matakinta na farko yadda ruwa ba ya taɓa sifirin ɗin ƙarfe da ke cikinsa, wadda kuma ta ci gwajin ruwan sanyi na ƙa'idar Turai ta EN 250, domin iska idan ta fito daga matsi tana yin sanyi ƙwarai, sai ƙanƙara ta kama bawul a buɗe, tukunya ta zube cikin ɗan lokaci. Ga mai zuwa zurfi kuwa, na fi son daidaitacciya, wadda numfashi ba ya yin nauyi da ita ko da tukunya ta kusa ƙarewa. Gardamar da masu nutso suke yi tsakanin mai fistan da mai tantanin roba ba na ɓata lokaci a kanta, kowacce tana aiki idan ta sami kulawa. Maɗaurin DIN, wanda ake murɗawa ya shige cikin bawul, ya fi riƙe zoben roba kuma shi kaɗai ya dace da bar 300. Mai kama bawul ta waje iyakarsa bar 232. Abin da nake fifitawa a kan duk waɗannan shi ne ko za a sami kayan gyaranta da wanda ya koyi buɗe ta, domin na sha ganin na'ura mai kyau ta zama abin rataya saboda rashin zoben roba guda ɗaya.

To, ita wadda aka kawo, kai bakin shaƙa ka zarga tunda nan ka ji sautin, amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Ka ɗauko ta ka leƙa matatar da ke mashigar mataki na farko. Maimakon launin ƙarfe mai tsabta, za ka ga ta yi kore-kore da farin gari a gefe, alamar ruwan gishiri ya shiga inda bai kamata ko ɗigo ya shiga ba. Gishirin yana bushewa ya zama tsakuwa ƙanana, su kuma su ci mazaunin bawul, bawul ya daina rufewa sosai, matsin tsakiya ya riƙa hawa a hankali har ya fi ƙarfin sifirin ɗin mataki na biyu, shi kuwa ya buɗe ya saki iskar. Da ka matse bakin shaƙa don sautin ya tsaya, da ka rufe wa cuta baki ne kawai.

Yawanci bayan an fito daga ruwa ake wannan ɓarna, lokacin da kowa ya gaji yana sauri. Mutum zai kwance na'urar, ya mayar da murfin mashigar mataki na farko a jiƙe, ko ya tsoma ta a bokiti babu murfin gaba ɗaya, ko ya danna maɓallin sakin iska tana cikin ruwa ba a haɗe da tukunya ba, ruwa ya bi tiyo ya haura. Abin da za ka koya wa kowane mai saye shi ne ya goge murfin ya bushe kafin ya rufe, ya jiƙa na'urar a ruwan daɗi har gishirin ya narke, in da hali tana haɗe da tukunya a buɗe, sannan ya shanya ta a inuwa ba tare da ya lanƙwasa tiyo a gindinsa ba. Kada man inji ko giris ɗin mota ya kusance ta, balle idan za a yi amfani da iska mai oksijin fiye da kashi 40 cikin 100, inda ɗan maiƙo yake iya tayar da wuta. A kawo ta duba a lokacin da kamfanin da ya ƙera ta ya ƙayyade, galibi shekara ɗaya ko biyu, ko da tana ajiye ne, domin sifirin yana danne da mazauni dare da rana har sai ya yi masa gurbi.

Gobe da safe ka haɗa ta da cikakkiyar tukunya, ka sa ma'aunin matsin tsakiya a tiyo, ka danna maɓallin sau biyu ko uku, sannan ka zuba wa allurar ido na minti biyar. A lafiyayyar regileta, allurar takan faɗi kaɗan ta dawo wurinta ta tsaya cak. Ka rubuta inda ta fara da inda ta kai, ka kawo mini kafin mu sa mata sifana.