Ga Hajiyar da ta tambayi abin da ke kayar da jirgin sama

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki tun safe, cewa Mama za ta sauke farali bana kuma hankalinki ya ƙi kwanciya, kina son sanin wai me ke kayar da jirgi, tsufa ne ko inji ne ke mutuwa a sama. Na ga kuma 'yan'uwa da yawa sun ce miki ƙaddara ce kawai ki yi ta addu'a. Addu'a kam ba fashi, kuma babu musulmin da zai yi jayayya da ƙaddara, amma fa ƙaddara tana zuwa da sababi, su kuma masu binciken hatsari sababin suke bi. Ni makanikin jirgi ne kafin in ajiye aiki, na yi jigilar alhazai ba sau ɗaya ba, to bari in faɗa miki abin da na gani da abin da aka koyar da mu.

Da wuya ki ga abu ɗaya tak ya kayar da jirgi. Inji ɗaya ya mutu ba ya kayar da shi, an ƙera shi ne yadda zai iya tashi ya sauka da ɗayan, kuma matuƙa suna gwajin hakan a kai a kai. Abin da ke faruwa shi ne ƙananan abubuwa uku huɗu su haɗu a rana ɗaya, kuma in kika tona sosai za ki tarar da gaggawa a ciki, da wani ƙaramin ma'aikaci da ya ga matsalar amma maganarsa ba ta yi nauyi ba.

Hatsarin da ya fi taɓa ni shi ne na Jidda, 11 ga Yulin 1991. Jirgi ne DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada da aka yi shatarsa yana aiki da sunan Nigeria Airways, ya ɗauko alhazai zai kawo su Sakkwato, mutum 261 ne a ciki kuma ba wanda ya fita. Kin san me ya jawo? Iskar taya. Wallahi iskar taya. Tayoyi biyu ba su da cikakkiyar iska, kuma bincike ya gano an san da hakan kwanaki kafin ranar, har an taɓa lambobin da aka rubuta a takardar duba jirgin. Da safen ranar babban makaniki ya nemi iskar naitirojin da za a ƙara wa tayoyin, ba a samu a kusa ba, manajan aikin kuma ba ya son a ƙara makara sai aka ce a tafi haka. Jirgin na gudu a kan titi taya ta fashe, ta kusa da ita ta bi, ƙarfen wili ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama, matuƙa ba su san akwai wuta ba suka tashi suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa cikin cikinsa, wato da hannunsu suka shigar da wutar inda wayoyin lantarki da bututan haidirolik (man da ke motsa sassan sarrafa jirgi) suke, kuma wajen ba na'urar da ke sanar da gobara. Sun juyo za su sauka, saura ƙiris su kai titin jirgin ya ƙwace.

Wanda bai yi aikin ba zai ce to ba a ganin taya ta yi laushi ne? Ba a gani Hajiya. Tayoyin babban jirgi bibbiyu suke a jere, in ɗaya ta rage iska 'yar'uwarta ce ke ɗauke nauyin, ki tsaya ki zuba musu ido ki ga duk ɗaya suke, ki doka da ƙafa ki ji tauri kamar dutse tunda iskar cikinsu ta kusa 200 a geji. Sai an durƙusa an kwance murfin bawul an sa geji, kuma sai tayar ta huce, in jirgi bai daɗe da sauka ba zafin birki zai sa geji ya yi miki ƙarya. To ita wadda ke ɗauke da nauyin biyu ita ce ke fara fashewa, ba mai laushin ba. Shi ya sa tsofaffinmu a wurin aiki in suka ga yaro ya zagaya jirgi da tocila ba geji a hannunsa sai su kora shi ya koma.

Irin wannan matsin na taɓa shan sa da kaina, ba sai na ambaci kamfani ba. Alhazai sun kwana sun wuni a sansani, ana ta hayaniya, manya na ta bugo waya, ni kuma na ga mai yana ɗiga a ƙafar jirgi fiye da yadda littafi ya yarda. Manaja ya zo ya tsaya a kaina yana cewa Malam sa hannu mana, ɗan wannan ɗigon ne zai hana mutum ɗari uku tafiya? Na ce Yallabai ga biro ga littafi, lasisina ne ba naka ba, amma in ka ga dama ka sa naka. Bai sa ba. An zage mu ranar, har wani dattijo ya ce Allah ya isa, mu dai muka canza abin da za mu canza jirgi ya tashi da asuba.

A wajen matuƙa ma haka abin yake. Hatsarin da ya fi kowanne cin rai a tarihin jiragen fasinja a ƙasa ya faru, ba a sama ba, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen ranar 27 ga Maris 1977, manyan Boeing 747 guda biyu, na KLM da na Pan Am, mutum 583. Duk su biyun ba can za su ba, bam ne ya tashi a filin jirgin Gran Canaria aka karkatar da su zuwa ƙaramin fili, jirage suka cika wurin har sai an bi ta kan titin tashi ake zuwa ƙarshensa, ga hazo ya sauko ba a ganin gaba, filin kuma ba shi da radar ta ƙasa. Kyaftin na KLM, Van Zanten, ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne shugaban masu horas da matuƙan 747 na kamfanin, hotonsa ma ake sawa a tallarsu, kuma yana fargabar kada awannin aikinsu na doka su ƙare su kwana a nan. Sai ya ba jirgi wuta ba tare da hasumiya ta ba shi izinin tashi ba, alhali na Pan Am yana kan titin. Hasumiya ta yi magana, Pan Am ma suka yi magana a lokaci guda, muryoyin biyu suka haɗu a rediyo sai ƙara kawai aka ji. Injiniyan da ke zaune bayan kyaftin ya tambaya anya Pan Am ya fita? Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita, shi kuma bai sake cewa komai ba. Mu da aka raina a kan ba a musu da babba mun fi kowa gane halin da wannan bawan Allah ya shiga. Bayan wannan ne kamfanoni suka fara koyar da matuƙa musamman yadda ƙarami zai tare babba kai tsaye, shi kuma babba dole ya saurara.

Maganar tsufa da kika yi, tsufan jirgi ba shi ne abin tsoro ba, yadda aka kula da shi ne. Na Japan Airlines da ya faɗi 12 ga Agustan 1985 ya kashe mutum 520, huɗu kawai suka rayu, asalinsa gyara ne da aka yi ba daidai ba tun 1978 lokacin da jelarsa ta daki ƙasa wajen sauka. Bangon da ke riƙe iskar cikin jirgi ta baya, inda ya kamata layi biyu na ribit (ƙusoshin haɗa ƙarfe) su riƙe sai ya zama layi ɗaya ke ɗauke da nauyin, kuma ma'aikatan Boeing ne da kansu suka yi gyaran. Shekara bakwai yana tsagewa a hankali ba mai gani, ranar da ya ɓalle ya tafi da jela da duk haidirolik ɗin, matuƙan suka yi fiye da rabin awa suna juya jirgi da inji kaɗai kafin su daki dutse. A ɗaya ɓangaren kuma jiragen Boeing 737 MAX na Lion Air a 2018 da na Ethiopian a 2019 sababbi ne fil, watanni kawai suka yi, mutum 189 da 157 suka rasu, wata manhaja ce da a lokacin ke dogaro da na'ura ɗaya tak ta riƙa danna hancin jirgin ƙasa, matuƙan Lion Air ma ba a gaya musu tana ciki ba.

Yanayi na da nasa rabon. Na Kano a Janairun 1973, Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda, Legas za shi rashin kyawun yanayi ya sa aka juyo da shi Kano, wajen sauka ƙafarsa ta karye wuta ta tashi, mutum 176 suka rasu. Na kamfanin ADC kuma a Abuja, Oktoban 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki, Allah ya jiƙansu, cikin hadari da iska mai juyawa suka tashi maimakon su ɗan jira. Na bam irin jirgin kamfanin UTA na Faransa da aka tarwatsa a saman Tenere ta Nijar a 1989 wannan wani babi ne daban, ba laifin jirgi ko matuƙi ba.

Kada duk wannan ya ƙara miki tsoro, kusan kowane ɗaya da na lissafa an canza doka ko ƙira a bayansa, kuma gaskiya hanyar mota daga gida zuwa sansanin alhazai ta fi ba ni fargaba a kan jirgin. Abin da za ki gaya wa Mama biyu ne. In aka ce an ɗage tashi ana gyara, ta yi haƙuri kada ta shiga cikin masu zagin ma'aikata. Na biyu tana zama ta duba ƙofar da ta fi kusa da ita, don a 1980 jirgin Saudiyya ya dawo Riyad da wuta a ciki ya sauka lafiya lau a kan tayoyinsa, amma ba a tsayar da shi an buɗe ƙofa da wuri ba, hayaƙi ya kashe duka mutum 301. In har aka ce a fita, ta bar jaka da tsaraba da komai a wurin ta bi ma'aikatan jirgin.