Ina zan ga lambar IP ta wayata a kan Wi-Fi na gida?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi, kuma ina turkar raguna a bayan gida. Na ɗauko tsohuwar wayata Tecno na sa mata manhajar kyamara, don in riƙa leƙen garke daga cikin ɗaki da dare. Anka ce sai na rubuta lambar IP ta wayar a burawuzar kwamfuta. Na tambayi Google, ta ba ni wata lamba mai farawa da 102, na rubuta, ba abin da ya buɗe. Yarona ya samo wata ta yi aiki kwana biyu, da anka ɗauke wuta ita ma ta daina. Ƙaramar rauta mai sim, wato na'urar da ke ba mu Wi-Fi, muke amfani da ita. Ina gizo ke saƙa?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa wa kiwo albarka, ya tsare mana dukiya.

Google ba ta yi maka ƙarya ba, amma lambar da ta ba ka ba ita manhajar ke nema ba. Duk wayar da ke kan Wi-Fi na gida tana hulɗa da lambar IP, wato adireshin na'ura a kan hanyar sadarwa, iri biyu: wadda duniya ke gani daga waje, da wadda rauta ta ba ta a cikin gida. Mai farawa da 102 ɗin nan ta waje ce. Tana cikin rukunan da hukumar AFRINIC, mai mazauni a Morishus, ke raba wa kamfanonin sadarwa na Afirka, tare da irin su 41 da 105 da 197. Da za ka gwada da wayar uwargida, ko da kwamfutar kanta, muddin suna kan rauta ɗaya lamba ɗaya za su nuna maka. Tunda kuma rautarka mai sim ce, mai yiwuwa ma ba kai kaɗai ke da ita ba, domin lambobin tsohon tsari na IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, sun yi wa duniya kaɗan, shi ya sa kamfanonin waya ke tara masu layi da yawa a bayan lamba guda.

Abin kamar gidan haya ne. Gidan yana da adireshi ɗaya a bakin titi, a ciki kuma kowane ɗaki da lambarsa. Wanda ke tsakar gida yana neman ɗaki na uku, adireshin titi ba zai amfane shi da komai ba. Kai a tsakar gida kake, lambar ɗaki kake bukata. Tun 1994 aka keɓe rukuni uku don wannan aiki: masu farawa da 192.168, masu farawa da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31. A gidajenmu kusan kullum ta farkon ce za ka gani.

To, ga yadda ake dubawa. Wayar da za ka ɗauka ita ce Tecno ɗin da ke aikin kyamara, ba wadda kake kallo da ita ba. Nan mutane da yawa ke ɓata lokaci. Ka kashe mata data, ka tabbata ta hau Wi-Fi na gidan. Shiga Settings, ka buɗe Wi-Fi, ka taɓa sunan rautarka ko 'yar alamar da ke gefensa. Shafin bayani zai buɗe, ka gangara har ka ga inda aka rubuta IP address. Infinix da itel ma haka suke, sai dai ɗan bambancin wurin da aka ajiye abubuwa. A Samsung ana bi ta Connections, sannan Wi-Fi, sai a taɓa alamar saiti kusa da sunan, a danna View more. Mai iPhone zai taɓa ƙaramin harafin i da ke cikin da'ira. Idan duk wannan ya ɓace maka, a wayoyin Android da yawa akwai wata hanya: About phone, sannan Status.

A shafin za ka tarar da lambobi fiye da ɗaya, kada su ruɗa ka. Wadda ke gaban Gateway ko Router, mai ƙarewa da 1, ta rautar ce; rubuta ta a takarda, za mu dawo kanta. 255.255.255.0 ba ta kowa ba ce, ma'aunin faɗin gidan ne kawai. Doguwar nan mai haɗe da haruffa, mai farawa da fe80, ta sabon tsarin IPv6 ce, ka ƙyale ta. Taka ita ce mai kashi huɗu da ɗigo a tsakani, misali 192.168.8.103.

Wajen rubutawa a kwamfuta, lambar kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da lambar ƙofar da manhajar ke saurare. IP Webcam, alal misali, 8080 take amfani da ita, don haka abin zai zama http://192.168.8.103:8080. Ɗigo biyu ne a tsaye kafin 8080, babu tazara ko ɗaya, kuma a dogon layin da ke can saman burawuza ake rubutawa, ba a akwatin bincike ba. Yawancin irin waɗannan manhajoji ma suna nuna cikakken adireshin a ƙasan allo da zarar an kunna kyamarar.

Sai batun da ya fi muhimmanci a wurina, wato dalilin da ya sa lambar da yaronka ya samo ta mutu. Yaron ya yi daidai. Matsalar ita ce rauta aro take ba da lamba, ba kyauta ba. Tsarin da ke wannan rabo sunansa DHCP: waya ta hau Wi-Fi, ta nemi lamba, rauta ta ba ta wadda ba kowa a kanta na wani lokaci. Da aka ɗauke wuta rautar ta mutu, da ta dawo ta sake rabo, kuma ƙananan rautoci da yawa ba sa tuna wa suka ba me. Sai Tecno ta tashi daga 103 ta koma 101, kwamfuta kuwa tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, ba zan so ka dogara da lambar aro wajen gadin dukiya ba.

Magani iri biyu ne. Wanda na fi so shi ne a ɗaure lambar daga cikin rauta. Rubuta lambar Gateway ɗin nan a burawuza. A rautocin Huawei galibi 192.168.8.1 ce, a wasu kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Sunan shiga da kalmar sirri suna kan takardar da ke manne a ƙasan rautar, ko a ƙarƙashin batirinta. A ciki za ka ga jerin duk na'urorin da ke haɗe, kowace da lambarta, wanda wannan ma wata hanya ce ta gano lambar wayar ba tare da ka fita garke ba. Nemi sashen DHCP, inda ake haɗa lambar IP da lambar MAC, wato shaidar na'urar. Amma a kula: tun daga Android 10 a 2019, da iOS 14 a 2020, wayoyi na nuna wa kowane Wi-Fi wata MAC ta daban don kare sirri. Saboda haka ka kwafi wadda ke shafin Wi-Fi ɗin gidanka, ko wadda rautar ta nuna, ba ta cikin About phone ba.

Wasu ƙananan rautoci ba su da wannan sashe. Idan taka haka take, sai ka ɗaure daga wayar. A shafin Wi-Fi ɗin, nemi IP settings, ka sauya daga DHCP zuwa Static. Kashi uku na farko su zama daidai da na rauta, na ƙarshe ka zaɓi wanda ba ya cikin waɗanda take rabawa. Rautocin Huawei galibi daga 100 zuwa 200 suke rabo, don haka 192.168.8.50 ta yi. A Gateway da DNS ka sa lambar rautar, a Prefix length ka bar 24. Kada na'ura biyu su ɗauki lamba ɗaya, dukansu za su riƙa yankewa.

Idan an yi duk wannan hoto bai fito ba, fara da kwatanta lambar kwamfutar da ta wayar. Kashi uku na farko in sun bambanta, ba a Wi-Fi ɗaya suke ba. Kwamfuta ko iPhone da ta nuna 169.254 ba ta samu lamba daga rauta ba ke nan, kashe rautar ka kunna. Wi-Fi na baƙi, mai Guest a sunansa, yakan hana na'urori ganin juna, haka ma saitin AP isolation idan yana kunne. Wani lokaci kuma wayar ce ke kashe manhajar don tattalin batir da zarar allo ya mutu, sai ka cire ta daga jerin waɗanda ake takurawa.

Da zafin Kebbi na watan Afrilu, wayar da ke kan caja dare da rana ƙarƙashin kwano batirinta na iya kumbura. Sa ta a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da harawa da dusa, ka riƙa duba bayanta.

Wannan lamba a cikin gida kawai take aiki. In kana kasuwa ko ka tafi Jega, ba za ta buɗe ba; wannan sai da manhajar da ke bi ta intanet, kuma tana cin data. Sannan duk wanda ke da kalmar sirrin Wi-Fi ɗinka, har ɗan maƙwabcin da aka taɓa ba shi, zai iya rubuta lambar ya ga bayan gidanka, inda iyali ke kai da komo. Kafin ka rataye wayar, shiga saitin manhajar ka sa mata suna da kalmar sirri, ka kuma sauya ta shafin rautar idan har yanzu wadda ta zo da ita ce.