Tambayi Likita: Kuɗin Kwangila Ya Maƙale, Jiki Ya Fara Kuka

Wasiƙun wannan makon kusan duk daga masu aikin gini suka fito, daga unguwannin Aboabo da Asawase da Sabon Zango a Kumasi, ƙasar Gana. Ga uku daga ciki.

Tambaya: Likita, ni ɗan kwangila ne. Na gama ginin azuzuwa shida, injiniya ya sa hannu a satifiket, yau wata tara ba a biya ni ba. Mai siminti da mai rodi kullum suna ƙofar gidana. Barci ya ƙaurace min, ƙeyata tana ciwo, a kemis aka gwada jinina aka ce 168 bisa 102. In an biya ni zai sauka?

Amsa: Alhaji, Allah ya kawo mafita. Amma don Allah kada ka ɗaura lafiyarka a kan ranar biya. Daga 140 bisa 90 zuwa sama ana kiransa hawan jini, kai kuwa ka wuce nan. Damuwa tana ɗaga jini, gaskiya ne, sai dai sau da yawa tono abin da ke kwance take yi, ko kuɗin ya shigo ciwon yana nan. Ka je asibiti cikin makon nan da katinka na inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, maganin hawan jini yana cikin abin da katin ke ɗauka. Kafin ka je, ka riƙa gwadawa safe da yamma bayan ka zauna minti biyar, kana rubutawa. A rage gishiri da dunƙulen miya da kifin gishiri irin su kobi da momoni. Goro da ataya bayan la'asar ka bar su, su ma suna cikin ɓarayin barcinka. In baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure, a wuce da kai sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye nan take, ba sai gari ya waye ba.

Na daɗe ina ganin irinku a ɗakin duba marasa lafiya, kuma na lura abin da ya fi cin mutum shi ne zaman jira ba tare da sanin matsayinsa ba. Ka tattara takardar kwangilar da satifiket da duk wasiƙun da kuka yi, ka kai wa lauya ya karanta. Yawancin kwangiloli suna faɗin kwanakin da za a biya bayan sa hannun injiniya, da diyyar da ke kan mai aikin in ya yi jinkiri. In kwangilar ta tsarin FIDIC ce, wato tsarin kwangilar gini na ƙungiyar injiniyoyi ta duniya, kwana 28 ake ba ɗan kwangila ya sanar a rubuce in yana neman ƙarin lokaci ko ƙarin kuɗi, wanda ya yi shiru kuma haƙƙinsa na iya salwanta. Dokar sasanta rikici ta 2010 ta buɗe ƙofar sulhu ko zama gaban mai raba gardama ba sai an shiga kotu ba. Su ma masu binka bashi ka zauna da su ido da ido, ku tsara biya a takarda. Ya fi ka riƙa kashe waya zuciyarka tana dukan uku-uku.

Tambaya: Ni lebura ne. Muna zuba dakin, wato rufin bene, kankare ya shiga takalmina, ban cire ba sai yamma, ƙafata ta sale. Washegari kuma na taka ƙusa. Maigidanmu ya ce shi ma ba a biya shi ba, in yi haƙuri in nemi magani da kuɗina.

Amsa: Ƙanena, sannu. Ɗanyen siminti yana ƙona fata a hankali, mutum ba ya ji sai bayan sa'o'i. Duk sanda ya shiga takalmi ko safar hannu, a cire nan take a wanke da ruwa mai gudu kamar minti 20. Kada ka shafa man goge baki ko baƙin mai. Ƙusar ta fi tayar min da hankali: in allurar tetanus ɗinka ta wuce shekara biyar, ko ba ka tuna ka taɓa yi ba, je ka yi yau ɗin nan. Kumburi da zazzaɓi ko ruwa mai wari suna nufin ciwon ya ruɓe.

Maganar maigidanku ba hujja ba ce. Dokar diyyar ma'aikata ta 1987 ta ɗora kuɗin jinyar wanda ya ji rauni a bakin aiki a kan wanda ya ɗauke shi aiki, ko an biya shi ko ba a biya shi ba. Ka roƙi likitan da ya duba ka ya rubuta cewa a wurin aiki ka ji ciwon, da ranar. Ka adana rasit, ka ɗauki hoton ƙafar, ka kai rahoto ofishin ƙwadago da wuri, domin dokar ta sa wa'adi.

Tambaya: Mijina birkila ne. Aikinsu ya makara, an ce za a riƙa yanke musu kuɗi kowace rana, shi ya sa suke yi har dare. Na ga jar ƙwaya a aljihunsa an rubuta 225, ya ce ta ƙarin ƙarfi ce.

Amsa: 'Yar'uwa, kin kyauta da kika tambaya. Ga dukkan alamu tramol ce. A Gana mai miligiram 50 da mai 100 kaɗai hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta amince da su, su ma sai da takardar likita. Ba ƙarfi take ƙarawa ba, gajiyar take rufewa, kuma tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ki duba mutumin da ke kan sikafol, wato dandamalin da magina ke hawa, a hawa na uku. Kada ki zubar da ita ki ce ya daina yau, wanda jikinsa ya saba zai sha gumi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci har ya koma mata. Ki zaɓi lokacin da ya huta, ki yi masa magana ba a gaban yara ba, ki raka shi asibiti a rage masa ita sannu a hankali. In ya taɓa faɗuwa yana jijjiga, kada ya sake hawa sama sai likita ya duba shi.