Dalilin da ya sa cukun yake dunƙulewa a miyar makaroni

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa miyar kirim ɗin madara da cuku da kike yi wa makaroni da naman sa da bekon (siraran yankan nama da aka adana da gishiri) take tsinkewa, cukun ya dunƙule, mai ya taso sama. A ganina matsalar zafin wuta ce, domin idan cuku ya tafasa, furotin ɗinsa yakan takure ya matse kitsen da ke cikinsa ya fito waje.

Ki fara soya bekon, ko na sa ne ko na talotalo, a kasko marar mai har ya yi ƙaras, sannan ki kwashe shi. A cikin kitsen da ya bari ki soya albasa, tafarnuwa da niƙaƙƙen naman, kada ki cika kaskon, domin naman ya soyu maimakon ya dahu cikin ruwansa; niƙaƙƙen nama yana buƙatar kaiwa digiri 71 a ma'aunin Selshiyos kafin a ci.

Inda nake so ki fi kula shi ne ƙarshe. Ki tsame makaronin saura minti 2 ya nuna, ki ajiye kofi ɗaya na ruwan dahuwarsa don zubawa a miyar, saboda sitacin da ke ciki shi ne yake haɗa mai da ruwa. Ki zuba kirim a kan naman, bayan ya yi ɗumi ki sauke kaskon, ki riƙa zuba cukun kaɗan-kaɗan kina juyawa. Ki gurza shi da kanki, domin wanda aka gurza a masana'anta galibi ana barbaɗa masa sitaci, ba ya narkewa sumul. Bekon kuwa sai za a zuba abinci ki mayar da shi.