Hayaƙi, Kore da Adalci: Amsoshin Tambayoyinku

Wani malamin sakandare daga Bukuru ya rubuto yana cewa: "Malam, ina jin 'yan jarida suna kiran shirin rage iskar kabon a masana'antu da sufuri da sunan 'rage hayaƙi', wasu kuma suna cewa 'koren sauyi'. Wanne ne daidai?"

Malam, duka biyun suna ɗingishi, amma na biyun ya fi muni. Bature ne ya ɗora wa launin kore ma'anar kare muhalli, Bahaushe bai yi haka ba, don haka in ka ce masa "koren sauyi" zai tsaya yana jiran ka faɗa masa abin da aka shafa wa fenti. Masu fassarar rediyo sun daɗe suna cewa "makamashi mai tsafta", kuma ban ga dalilin barin wannan ba. Kalmar makamashi tsohuwa ce, daga "kama" ta fito, wato abin da wuta ke kamawa, kamar kara da itace da kashin shanu, sai zamani ya faɗaɗa ta har ta ɗauki fetur da gas da hasken rana.

Matsalar "hayaƙi" ta fi ɓuya. A Hausa hayaƙi abu ne da ido ke gani, mai sa tari da hawaye, alhali iskar kabon mai ɗumama duniya ba ta da launi ba ta da wari. Motocin da aka mayar masu amfani da gas, waɗanda suka ƙaru a Abuja bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ba sa turnuƙe titi, amma suna fitar da wannan iska, sai dai ba kamar na fetur ba. A masana'antar siminti kuwa, irin ta Obajana a Jihar Kogi, fiye da rabin iskar daga dutsen farar ƙasa kansa take fita idan an gasa shi, ko da me aka hura wutar. Na fi son a ce "rage fitar da iskar kabon", duk da tsawonta.

Tambaya ta biyu daga wani direban Keke Napep ce da ke lodi a Taminus, cikin Jos. Ya ce ana tattauna "sauyi na adalci" a rediyo, wato komawa ga makamashi mai tsafta ba tare da an cuci ma'aikata ba, sai wani ya bugo waya ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Yana son sanin ma'anar karin maganar, da ko ta dace da wurin.

Ɗan'uwa, gardi shi ne mai yawo da kura a kasuwa, an sa mata takunkumi, yana dukanta tana wasa, 'yan kallo suna jefa kuɗi, shi kuma yana tsincewa. Ana buga karin maganar idan wani ya sha wahala wani ya ci riba, kuma wanda ya bugo wayar ya ajiye ta a muhallinta. Mutumin Jos ba ya bukatar a kai shi nesa neman misali. Kamfanonin Turawa sun kwashe shekaru suna haƙar kuza a nan, da harkar ta durƙushe, musamman bayan faɗuwar farashinta a kasuwar duniya a 1985, sai aka bar leburori ba sana'a, aka bar manoma da ramuka cike da ruwa inda dā gonaki ne.

Abin da ya sa nake cewa a riƙe kalmar "adalci", kada a musanya ta da "daidaito" kamar yadda wasu ke yi, ke nan. Daidaito shi ne a ba kowa kashi ɗaya. Adalci kuwa, wanda muka aro daga Larabci, tushensa ɗaya da sunan kayan da ake ratayawa a kowane gefen raƙumi don kada lodi ya karkata, kamar yadda mai jaki ke gyara mangala. Yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi ta ambaci wannan sauyi ne dangane da ma'aikata da samar musu aikin yi na mutunci. Nijeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa nan da 2060 iskar da take fitarwa ba za ta wuce wadda ake zuƙewa daga sararin samaniya ba. Idan hakan ya sa aka koma ga motar lantarki, ita ba ta shan baƙin mai, ba ta bukatar fulogi. Saboda haka idan ka sake jin kalmar a rediyo, bugo ka tambaya wa zai biya kuɗin sauya injin kekenka, kuma wace sana'a aka tanadar wa makanikenka da mai sayar maka da baƙin mai.